Ɗakin da Gwamnati Ta Biya Mana

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba ni ƙarfin ɗaukar abin da na ɗauka. Ban yi niyyar tono wannan labari ba, sai da wata maƙwabciyata ta shigo tana murna, wai za a biya wa mijinta makaho kuɗin haya. Na taya ta murna, ta fita, na zauna ina tuna abin da ya same mu. Duk macen da ke jinyar miji a gidan haya, ta tsaya ta ji abin da ya same ni.

Sunana Kulu, 'yar Maiyama ce ni. Mijina Arzika, mutumin Jandutsi. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce na salla ba. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Muna haya a garin Jega, unguwar Magaji, ɗaki ɗaya, mu da 'yarmu Asabe. Mai gidan, Alhaji Tukur, dillalin albasa ne, kuma motocinsa Malam yake yi wa lodi. Ƙato ne Malam. Buhun albasa da mutum biyu ke kokawa da shi, shi kaɗai yake cilla shi kafaɗa yana raha.

Da bazara ne, ana tsakiyar kwasar albasa a Aliero. Yana saman mota yana ɗaure kaya, igiya ta tsinke, ya faɗo ta baya a kan duwatsu. Ina daka a tsakar gida aka zo aka ce in fito. Ko da na isa Aliero, an kai shi gidan wani tsoho mai ɗori, Manu, wan Malam, ya riga ni zuwa. Na same shi kwance a tabarma, babu jini ko ɗigo, har yana yi mini murmushi.

"Kak ki yi kuka, Kulu," in ji shi. "Ba ni jin ciwo. Ƙahwahuna na dai sunka yi barci."

Tsohon ya tsinko ƙayar aduwa ya soka masa a tafin ƙafa. Malam bai motsa ba. Ya soka a ƙwauri, ya soka a cinya, shiru. Sai ya jefar da ƙayar ya dubi Manu.

"Wanga aiki ba nawa na ba. Ku kai shi asibiti yau, kuma bisa katako za ku ɗauke shi, kak ku lanƙwasa shi."

Allah ya jiƙan tsohon nan, ko sisi bai karɓa ba. Amma Manu ya ce asibiti cin kuɗi ne kawai, ya san wani mai magani a Gehuru da ya taɓa tayar da wanda ya faɗo daga giginya. Ni mace ce, kuma ƙanin mutum ake magana a kai, bakina bai kai ba. Aka naɗe Malam a bargo aka cusa shi a bayan akori-kura. Mutumin na Gehuru ya kifa shi, ya shafe bayansa da mai, ya hau da gwiwa yana dannawa. Ihun da Malam ya yi ranar ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba.

Makon farko can muka yi shi. Fitsari ya ƙi fita, mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar tulu. Mai maganin ya ce iska ce ta zauna a ciki, ya yi hayaƙi har muka kusa shaƙewa. Da masassara ta kama shi ya fara sambatu, Manu ya tsorata, ya ce to a tafi asibitin. Shi kuma ya koma Jandutsi, wai zai nemo kuɗi.

Babban asibitin ya cika maƙil. Muka yi layin kati, muka yi layin likita, muka yi layin hoto, Malam yana kwance a baranda a kan siminti, mutane suna tsallake shi. Gado bai samu ba sai da wani ya mutu aka ɗauke shi, ina kallo aka juya katifar aka ce mu hau. Wata nas ta sa masa robar fitsari, abin da ya fito ya cika kwano ya zuba. Malam ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ita, "Allah shi ba ki Aljanna." Ta yi dariya ta ce amin.

Likitan saurayi ne, Hausarsa ba ta nuna ba, amma abin da ya faɗa ya zauna mini. Ya ɗaga hoton a taga ya ce, "Mama, ƙashi yana ɗoruwa. Laka ba ta ɗoruwa." Ya tambaya wa ya danne bayan. Ya girgiza kai, sannan ya ce, "Ba karaya za ta kashe shi ba. Kwanciya ce. Ki juya shi, ki juya shi, ki juya shi. Kada ruwa ya taɓa shimfiɗarsa."

Sati ya bi sati. Kome saya ake yi, auduga, bandeji, allura, har safar hannun da za a taɓa shi da ita. Na sayar da akuyata. Na sayar da tasoshin aurena, waɗanda Inna ta tara mini tun ina yarinya. Na aika Asabe Maiyama wurin Innar. Manu ya zo sau ɗaya da fura a ƙwarya, ya ce kuɗi ba su samu ba, amma zai riƙe wa Malam gonarsa ta gado kada ta mutu. Har yau riƙon ake yi, 'ya'yansa sun gada. Daga baya aka ce babu abin da za a ƙara yi masa, akwai masu jiran gadon, muka dawo Jega.

Alhaji Tukur ya zo gaisuwa da kwandon albasa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sannu, Arzika. Ikon Allah na. Igiyar ga kuwa sabuwa ta, ban san yadda kaɗ ɗaure ta ba."

Malam ya ce, "Haka na, Alhaji." Abin da aka biya shi na bayansa ke nan, kwandon albasa.

Aikin jinya kuwa, wadda ba ta yi ba ba za ta gane ba. Mutumin da ya fi ni nauyi ninki biyu nake juyawa ni kaɗai. Bayan gida yana zuwa ba ya sani. In wanke shi, in wanke zannuwa, kafin su bushe ya sake ɓata wasu. In ina goge shi sai ya juya fuska bango har sai na gama. Na koma yin ƙosai a ƙofar gida don mu ci, amma da mutane suka san aikin da hannuna ke yi a ɗaki, ciniki ya mutu. Haya ta taru. Alhaji ya daina gaisuwa, ya koma aike.

Manu ya zo da shawara. Ya zauna ya gyara murya ya ce ranar kasuwa a riƙa ajiye Malam a bakin tasha da kwano. "Mutane sun san ka, za su ba ka. Guragu nawa sunka yi gida da bara?"

Malam ya dube shi. "Yaya, tashar da nike lodi? Gaban yaran da nik koya ma aiki?"

"To mi za ku ci? Girman kai?"

Ranar Malam ko ruwa bai sha ba.

A gidan akwai wata malamar firamare, Malama Rifkatu, Kirista ce daga wajen Zuru. Ita kaɗai ke shiga ɗakinmu ba ta toshe hanci ba. In ta taso makaranta takan kama mini mu juya shi, ita ta koya mini wanke fata da ruwan gishiri mai ɗumi. Ita ce ta zo da labarin cewa akwai ofishin da ke biya wa naƙasassu marasa ƙarfi kuɗin haya. Ta ce, "Maman Asabe, ba roƙo ba ne. Haƙƙinsa ne, an ware domin irinsa." Da alheri ta faɗa, kuma ban taɓa riƙe ta a zuciya ba.

Muka je ni da ita. Aka ce ba a rubuta mutum sai an gan shi. Na ce ba ya iya zama. Aka ce to a kawo shi a kwance. Na ari amalanken da ake turin albasa, muka shimfiɗa tabarma, abokan aikinsa biyu suka ɗora shi, na rufe shi da zane muka ratsa gari. Yara suna bin mu suna leƙe, wasu suna tambaya ko gawa ce. Muka wuni a rana, aka ce mai dubawa ya tafi Sakkwato. Mako na gaba muka koma, aka ce yana taro. Kowace tafiya katakon amalanken yana gurzar ƙugunsa, shi ba ya ji, ni ce nake gani in mun dawo. Wurin ya yi ja, ya yi baƙi, ya fashe.

A zuwa na uku muka same shi. Mutum ne mai tsabta, da farar riga da agogo. Ya fito baranda ya tsaya nesa da amalanken. Makafi da kutare da guragu sun cika harabar, kowa yana jiran a kira shi.

"Wannan ƙato haka shi ne gurgu?" in ji shi. "Mun gaji da masu ƙarya. Jiya wani ya zo da sanda, da muka kore shi a guje ya fita. Ku tsayar da shi."

Malama Rifkatu ta miƙa masa takardar asibiti. Ya ce takarda ko a kasuwa ana sayenta. Ya kira masinjoji biyu, suka kama Malam ta hammata suka ɗaga shi, ƙafafunsa suna lilo.

"Ku sake shi."

Na yi ihu. Suka sake shi. Ya zube kamar an zare masa ƙashi, fuskarsa ta bugi siminti, zanen ya kwance, robar fitsarin ta fizge. Tsirara a gaban jama'a, fitsari da jini suna bin ƙasa. Wani makaho ya riƙa tambaya, "Mi ya hwaru? Mi ya hwaɗi?" Wata kuturwa ce ta ja jiki ta zo ta yafa masa mayafinta.

Mai dubawar ya ce, "To, wannan na gaskiya ne. Ku rubuta shi." Ya koma ciki.

Muka turo Malam har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Kulu, da kin bar ni na yi barar."

An gaya mana kuɗin ba hannunmu za su shigo ba, hannun mai gida za a ba, don kada naƙasasshe ya cinye. Sai mai gida ya je ya shaida cewa a gidansa muke. Na yi zaton Alhaji zai ƙi. Ina faɗa masa sai fuskarsa ta washe, ya ce ai taimakon Musulunci ne, gobe ma zai je. Ya je kuwa. Aiken haya ya tsaya. Na yi ta sa masa albarka, har na ce da Malam mun zalunci mutumin nan da zato.

Hadari ya fara haɗuwa. Wata safiya Alhaji ya shigo da magina, ya ce rufin ɗakinmu zai zuba, yana so a gyara kafin ruwa ya sauka. Mu ɗan koma rumfar baya na kwana kaɗan. Rumfar nan ta zana ce da tsohon kwano, nan ake ɗaure tumakinsa, gefenta makewayi. Na share kashin tumaki, na zuba yashi, muka kwantar da Malam. Aka yi wa ɗakinmu yaɓe, aka yi masa farar ƙasa, aka sa sabuwar ƙofa. Ina ta leƙawa ina jin daɗi. Ranar da aka gama, sai ga mota ta tsaya da gado da kujeru. Wani ma'aikacin gona da aka yi wa canji zuwa Jega ya tare a ciki da amaryarsa.

Na tari Alhaji a zaure, na durƙusa.

"Alhaji, ɗakinmu hwa?"

"Wane ɗakinku? Mutanen gida sun kawo min kuka, wari ya hana su cin abinci. Ki yi haƙuri inda kike."

Na garzaya ofishin, na ce a taimaka a biya da wuri, ko mai gida zai mayar da mu ɗaki. Akawun ya duba ya ce an biya tuni, hayar shekara guda, tun kafin a fara gyaran nan, Alhaji ya karɓa da hannunsa. Na faɗa masa inda muke kwana. Ya ce, "Rumfar a cikin gidan take ko a waje?" Na ce a ciki. Ya ce, "To kuna gidan ke nan. Mu gida muka biya."

Na koma wa Alhaji da wannan magana, na ce ya ji tsoron Allah. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gwamnati ta biya haya, ba ta ce wane ɗaki ba. In rumhwar ba ta yi muku ba, ƙohwa a buɗe take. Amma ki sani, in kunka hita, ba a mai da kuɗɗi."

Malama Rifkatu ta je ta yi masa faɗa, har muryarta tana fita titi. Kafin wata ya ƙare ya ba ta notis. Ranar da za ta tashi ta shigo rumfar ta durƙusa gaban Malam tana kuka, ta ce ya yafe mata, ita ta kai shi ofishin nan. Ya ce, "Malama, ke kaɗai kiɗ ɗauke ni mutum cikin gidan ga." Ta bar mana katifarta da ledar da take rufe littattafai.

Ruwa ya sauka. Kwanon rumfar duk huda ne. Na rufe Malam da ledar, na tara kwanuka, na tsaya a kansa da tabarma, duk da haka ruwa ya bi ta ƙasa ya jiƙa katifar. In rana ta fito ba ni da inda zan ajiye shi in shanya ta. Gyambon ƙugunsa ya zurma har hannuna yana shiga. Wani ya buɗe a ɗuwawu, wani a diddige. Ƙudan makewayi suka same mu. Wata rana na buɗe tsumman na ga abu fari yana motsi. Na zauna da tsinke ina cirewa ɗaya bayan ɗaya, ina yi masa hirar Asabe don kada ya tambayi abin da nake yi. Ya sani. Ya ce, "Sun hwara tun ban mutu ba?"

Na kai shi asibitin garin, aka wanke, aka rubuta allurai. Na sayar da kaskon ƙosai na sayi rabi. Masassara ta sauka ta sake dawowa. Amaryar da ke ɗakinmu, Allah ya saka mata, takan ajiye mana tuwo a bakin rumfa in mijinta ya fita, ta gudu ba ta bari mu haɗa ido.

Inna ta aiko in kawo shi Maiyama. Malam ya ƙi. Ya ce bai taɓa cin abinci a gaban surukarsa ba, ba zai je ta ga ana wanke masa kashi ba. Na aika wa Manu, ya ce damina ce, aiki ya yi yawa, kuma ai gwamnati ta ɗauki nauyinmu, kowa ya ji. Sai da Malam ya daina gane mutane sannan na yanke shawara ni kaɗai. Wani direba da suka yi aiki tare ya ɗauke mu kyauta. Muna fita da shi Alhaji yana zaune a zaure yana jan carbi. Ya ce, "Allah shi ba da lahiya." Ba mu kai bakin titi ba na ga ana mayar da tumaki rumfar.

Inna ta ba shi ɗakinta da gadonta, ta koma kwana a madafa. Ɗakin a bushe yake, yana ƙamshin turaren wuta. Da hankalinsa ya ɗan dawo ya ga inda yake, sai ya jawo zane ya rufe fuska. Inna ta tsaya daga waje ta ce, "Arzika, ɗana kake. Ba ni shigowa, kak ka ji kunya." Ba ta shiga ba kuwa, sai dai ta dama kunu ta miƙo. Asabe ta zauna kusa da kansa tana kore masa ƙuda. Bai cika mako ba. Da hantsi ya cika, ina juya shi, a hannuna.

Ranar addu'ar uku, maza suka taru a ƙofar gida. Ina zaune a bayan danga cikin takaba, ina jin kome. Sai ga ƙarar mota, aka ce Alhaji Tukur ne da jama'arsa, ya zo da buhun gero da goro. Aka shimfiɗa masa darduma a gaba. Manu ne ya tashi ya yi godiya a madadin dangi.

"Jama'a, ku taya mu gode ma Alhaji. Tun da ƙanena yaf faɗi, Alhaji bai karɓi ko kwabo hannunai ba. Shi yar riƙe shi gidanai har ƙarshe. Irin su sun yi kaɗan."

Aka ɗauki kabbara. Na yunƙura zan tashi, Inna ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya shiga.

"Zamna," in ji ta a hankali. "Mai takaba ba ta ɗaga murya. Kuma wa za ya yarda da ke?"

Liman ya ce a yi wa mamaci addu'a, na ɗaga hannu. Ya ce a yi wa Alhaji addu'a, Allah ya ƙara masa buɗi, ya gina masa gida a Aljanna kamar yadda ya ba gajiyayye masauki. Na sauke hannuna na ɗora a cinya. Geron nan mun ci shi, don ba mu da wani.

Alhaji ya daɗe a duniya, ya ƙara gidaje, ya mutu da mutuncinsa. Har yanzu akwai tsofaffi a Jega da in ana zancen kirkinsa sukan kawo misali da gurgun da ya riƙe kyauta. Ni kuwa bayana bai sake miƙewa daidai ba tun jinyar nan.

'Yar'uwa, in an ce za a taimaki majinyacinki, ki karɓa, ban ce ki ƙi ba. Amma ki tambaya hannun wa kuɗin za su shiga, a faɗi ɗakin da aka biya a gaban shaidu, kuma ko rufin zai faɗo muku, kada ki fita daga cikinsa don an ce kwana kaɗan ne. Wanda ya faɗo ta baya kuma, kada ki bari kowa ya hau shi, ko da wansa ne ya ce a hau.

Allah ya jiƙan Malam. Allah ya saka wa Inna, da tsohon Aliero, da Malama Rifkatu duk inda take, da kuturwar da ban san sunanta ba. Sauran ban yafe ba, kuma na bar su da wanda ya ga rumfar.